Tafiyar da Ba Ta da Suna

Takardar ba ta wuce shafi ɗaya ba, amma ta hana shi barci dare uku. Kamfanin jirgin ruwan ne ya aiko masa da ita bayan ya biya kuɗin tafiya, da umarnin ya zaɓi dalili ɗaya daga jerin dalilan da gwamnatin Amurka ta yarda a je Kuba saboda su, sannan ya sa hannu a ƙasa cewa abin da ya zaɓa gaskiya ne. Dalilan goma sha biyu ne: ziyarar iyali, aikin gwamnati, aikin jarida, binciken masana da tarurrukansu, harkar ilimi, harkar addini, wasanni da nune-nune, ayyukan jinƙai, da sauransu. Ya karanta daga sama zuwa ƙasa, ya sake hawowa daga ƙasa zuwa sama, bai ga nasa ba.

Mutumin Tasawa ne. A Maraɗi ya ci bakaloriya, a 2001 kuma ya samu bursu ta karatun likita a Kuba, inda ya shekara bakwai: ɗaya ta koyon Sifaniyanci, shida na likitanci. Ya dawo gida ya yi aiki a wani asibitin karkara, har ƙuri'ar biza ta faɗa kansa a 2014, ya koma Girinsboro ta jihar Karolina ta Arewa, garin da ƴan Nijar suka yi yawa a cikinsa. A can takardunsa ba su ba shi ikon duba marar lafiya ba. Jini yake ɗiba a wani ɗakin gwaji da rana, da dare ya duƙufa kan littattafan jarrabawa. Ƴan gida dai ba su fasa kiransa Likita ba.

Dalilin tafiyarsa wata tsohuwa ce a Regla, unguwar da ke tsallaken tashar jiragen ruwan Habana. Ita ce ke zuba wa ɗalibai abinci a ɗakin cin abincin makarantarsu. Ɗaliban Kuba suna kiran irin waɗannan ma'aikata mata da kalmar tía, wato inna ko gwaggo, shi ma haka ya fara kiranta. Ita ta lura yaron nan baƙo yana ture kwano duk ranar da aka dafa alade, yana cin burodi tsura. Ba ta tambaye shi ba sai da aka yi wata guda. Daga ranar da ta ji dalili, ta riƙa ware masa shinkafa da baƙin wake a wata ƴar tukunya da kitsen alade bai taɓa ba. Zazzaɓin dengi ya kwantar da shi a shekararsa ta biyu, ita ta yi jinyarsa. Kafin ya gama makaranta tía ta koma mamá a bakinsa, shi kuma ya zama mi hijo, ɗana. A farkon 2019 jikar ƴar'uwarta ta aiko masa da saƙo: ciwon suga ya ci idanun tsohuwa, ƙafafunta sun fara kumbura, kuma tana yawan ambatonsa.

Ashe layin farko nasa ne, ziyarar iyali. To amma dokar ta fayyace wane ne dangi na kusa: wanda jini, ko aure, ko riƙon da hukuma ta tabbatar ya haɗa ku, kuma tazararku ba ta wuce zuriya uku ba, ko dai tsakaninku ko zuwa kakan da kuka haɗa. Duk ɗalibin da ya zauna ajin ilimin ma'ana zai gane abin da aka yi a nan. An ɗauki kalmar da mutane ke amfani da ita a sake, an yi mata katanga, an sa mata ƙofa ɗaya. Hausa tana da uwar goyo, da uwar ɗaki, da uwar riƙo, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ake neman takarda kafin a gaishe ta da salla. Ma'aikatar kuɗin Amurka ba ta san ko ɗaya ba.

Ma'aikatar kuɗi ce kuwa ke riƙe da maganar, ba ta shige da fice ba, kuma wannan shi ne dabarar dokar tun asali. Shugaba Kennedy ya ƙaƙaba wa Kuba takunkumin ciniki a watan Fabrairun 1962, a 1963 aka fitar da ƙa'idojin da suka haramta wa duk wanda ke ƙarƙashin ikon Amurka, ɗan ƙasa ne ko mazauni, kashe kuɗi a tsibirin ba da izini ba. Ba a ɗaure ƙafar mutum ba, aljihunsa aka ɗinke, an kuma san babu mai tafiya ba guzuri. Carter ya sassauta a 1977, Reagan ya maido a 1982. A shekarar 2000 majalisar dokoki ta haramta tafiyar yawon buɗe ido ƙarara, ta kuma ba shi ma'anar da ta cancanci a karanta a aji: yawon buɗe ido shi ne duk wata tafiya da ba ta shiga cikin dalilan nan goma sha biyu ba. Ba a ce shi ne kwanciya a bakin teku ba, ba a ce ɗaukar hoto ba. Duk abin da ya rage, shi ne. A wannan ma'auni, mutumin da ya ƙetare teku don ya riƙe hannun makauniyar da ta ciyar da shi shekara bakwai, ɗan yawon buɗe ido ne.

Kalmar Hausar ma tana yi wa dokar dariya ta bayan fage. Dokar ta gina komai kan bambanci tsakanin tafiyar nishaɗi da tafiyar neman sani, Bahaushe kuwa da ya tashi raɗa wa abin suna sai ya ce buɗe ido, ya haɗa biyun a wuri ɗaya.

Ta wannan ɓarakar ce jiragen ruwan shaƙatawa suka shiga. Bayan Obama da Raul Kastro sun sanar da maido da hulɗa a Disamban 2014, kamfanoni suka fake da wani reshe na harkar ilimi da ake kira cuɗanyar jama'a da jama'a. Ranar 2 ga Mayun 2016 jirgin Adonia ya shiga tashar Habana da fasinjoji wajen 700 daga Mayami, karo na farko cikin gomman shekaru. Ko wannan bai tafi sumul ba, domin a lokacin dokar Kuba ta hana wanda aka haifa a tsibirin shigowa ta ruwa, sai da aka yi zanga-zanga a Mayami, aka kai ƙara kotu, sannan Habana ta janye hanin kwanaki kaɗan kafin jirgin ya tashi. Kowane ɓangare yana da nasa jerin sunayen mutane, da abin da kowane suna ya halatta.

Da zai iya shiga jirgin sama, tun 2016 akwai su. Abin da ya hana shi tsoro ne. Shekararsa biyar ta cika a Amurka, ya shigar da takardar neman zama ɗan ƙasa, kuma takardar tana tambayar kowace fita da mutum ya yi, tana tambaya ko ya taɓa alaƙa da jam'iyyar gurguzu. Baƙo Musulmi daga Sahel, mai shekara bakwai a Kuba, ya sake komawa shi kaɗai da jaka a hannu: ya san yadda hakan zai karantu a idon jami'in da bai san shi ba. Jirgin ruwa kuwa yana ɗauke da tsofaffin ƴan fansho dubu biyu, mutum ya ɓace a cikinsu kamar tsaba a cikin buhu. Yana cikin wannan jinkirin ne, ranar 17 ga Afrilun 2019, John Bolton, mai ba shugaba Trump shawara kan tsaro, ya sanar a Mayami cewa za a taƙaita duk tafiyar da ba ta iyali ba. A makon ya sayi tikiti, don ya je ya dawo kafin azumi ya kama.

Ya ɗauki biro a dare na uku. Cuɗanyar jama'a da jama'a ba za ta yi masa ba, domin tun Nuwamban 2017 sai a cikin ayari ake yin ta, da jagora, a motar da ke zagaya dandali da gidajen tarihi. Akwai wani layi da ya ce tallafa wa jama'ar Kuba: mutum ya cika yininsa da hulɗa ta gaske da mutanen gari, ya ci abinci a gidajen abinci masu zaman kansu, ya yi ciniki da masu ƙananan sana'o'i, ya guji kamfanonin soja, ya kuma ajiye bayanin abin da ya yi har shekara biyar. Ya daɗe yana juya kalmar a Hausa. A garinsu, yaron da wata ta ɗauka ta rena ba ita ta haife shi ba, ɗan tallafi ake ce masa. Idan akwai wanda aka tallafa tsakaninsa da Kuba, shi ne. Ya yi alama a layin, ya sa hannu. Bai yi ƙarya ba, amma bai ji kamar ya faɗi gaskiya ba.

Jirgin ya bar Mayami da la'asar sakaliya. Gari ne guda a kan ruwa, hawa bisa hawa, da tafkin wanka a sama, da ɗakin caca, da abinci wanda ba ya yankewa dare da rana. A wani zaure wata ma'aikaciya ta tara fasinjoji tana tuna musu cewa su matafiya ne, kada kowa ya kira kansa ɗan yawon buɗe ido. Aka yi dariya, wani dattijo mai gajeren wando ya tambayi inda ake samun sigari mai kyau. Shi dai ya koma ɗakinsa marar taga, ya yi magariba da isha, yana laluben alƙiblar da ke sauyawa duk sanda jirgin ya karkata.

Can cikin dare ya hau sama. Ɗan tsohuwar na cikinta, shi kaɗai ta haifa, ya shiga wannan ruwan ne a watan Agustan 1994, lokacin da mutane fiye da dubu 30 suka bar Kuba a kan tayoyi da katakai da duk abin da ke iya yawo bisa ruwa. Tsakanin Kuba da kudancin Fulorida bai fi kilomita 150 ba, bai kai nisan Maraɗi zuwa Damagaram ba. Yaron bai isa ba, bai kuma dawo ba. Sau ɗaya ta taɓa ba shi labarin, tana tsince shinkafa, ba ta ɗago kai ba. Yanzu ga shi yana ƙetare wurin ta ɗaya ɓarin, kiɗa na tashi a bayansa, wani yana miƙa wa mutane lemo da ƙanƙara. Ya tsaya jikin ƙarfen har sanyi ya kore shi.

Da hantsi suka shiga ta siririyar mashigar tashar, ganuwar Morro da hasumiyarta a hagu, bakin Malecón a dama. A tashar Sierra Maestra aka karɓi fasfonsa tare da wani kati ruwan hoda wanda kamfanin ya sayar masa dala 75. Sunan katin a Sifaniyance tarjeta del turista, katin ɗan yawon buɗe ido. Wato a aljihunsa na dama akwai takardar da ya rantse wa Amurka cewa shi ba ɗan yawon buɗe ido ba ne, a na hagu akwai wadda Kuba ta ce ba zai shigo ba sai a matsayin haka. Jami'ar ta ji Sifaniyancinsa, ta dube shi, ta tambayi inda ya koya. Da ya faɗa mata, ta buga hatimi ta ce, "To ai kai na gida ne."

A waje ba haka aka gan shi ba. Lokacin yana ɗalibi, baƙar fatarsa da lafazinsa sun sa ana ɗaukarsa ɗan ƙasa, har masu gadin otal suna tare shi a ƙofa, domin sai a 2008 aka yarda ƴan Kuba su kwana a otal-otal ɗin baƙi. Yanzu katin jirgi na rataye a wuyansa, samari suka yo kansa suna kiran yuma, sunan da suke ba baƙo mai kuɗi, musamman Ba'amurke, wanda ake cewa daga sunan wani tsohon fim ɗin kaboyi ya samo asali. Ya cire katin ya cusa a aljihu. Ya canza dalolinsa, aka zabge kashi 10 cikin 100 na harajin da ke kan dala a lokacin, ya gangara da ƙafa zuwa mashigar ƙaramin jirgin fito mai zuwa Regla. Har yanzu ana binciken jaka kafin a shiga. Yana ɗalibi a 2003 aka yi yunƙurin karkatar da irin wannan jirgin zuwa Fulorida, aka yanke wa mutum uku hukuncin kisa cikin kwanaki.

Regla ba ta canza ba, sai dai tsufa. Cocin nan na bakin ruwa yana nan, da mata masu shuɗin tufafi zaune a ƙofarsa, waɗanda ke kiran waliyyar cocin da sunan Yemayá na Yarbawa. A wannan unguwa aka kafa ƙungiyar Abakuá a 1836, ta bayin da aka kwaso daga yankin Kalaba, kuma masana suna danganta kalmar asere, wadda kowane saurayin Habana ke kiran abokinsa da ita, da harshen waɗannan mutane. Ya bi lungun ba tare da ya tambayi kowa ba.

Ƙofar a buɗe take. Ya tsaya a bakinta ya nemi izini kamar yadda ake yi, con permiso. Shekara bakwai malamai da abokai suka yi suna gyara masa harafin nan na p, wanda Hausa ba ta bambanta shi da f, kuma ya gyaru, har a Turanci ba ya kuskurensa. A ranar dai ya kufce masa. Fermiso, ya ce.

Daga cikin duhun ɗakin aka ce, "Mutum ɗaya ne a duniya ke neman izini haka. Shigo, ɗana."

Ta ƙanƙance. Ta shafa fuskarsa da hannu biyu, ta ce ya yi ƙiba, ta ce gashinsa ya ja baya, ta yi masa faɗan shekara goma sha ɗaya cikin minti biyar. Ya durƙusa ya gaishe ta yadda zai gaida mahaifiyarsa a Tasawa, ta ce ya tashi, gwiwarsa ba ta yaro ba ce yanzu. Sannan ya buɗe jaka: na'urar awon suga da tsinkayenta, abin awon jini, man shafawa, safa masu laushi, sabulu. Ya auna ta. Ya ɗora ƙafafunta a kan cinyarsa ya duba tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya sami wani ɗan miki a dunduniya, ya wanke, ya ɗaure, ya koya wa yarinyar gidan yadda za ta riƙa yi. Rabonsa da ya duba marar lafiya da hannunsa tun barinsa Nijar.

Maƙwabta suka cika ɗakin, domin ta aika a faɗa musu ɗanta likita ya zo daga Afirka. Bai gyara mata ba. Hira ta kai ga ƙarancin kaza da mai da magani, wani tsohon ma'aikacin tashar jirage ya ce duk laifin bloqueo ne, wani saurayi ya ce akwai bloqueo na cikin gida ma, aka yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Abu ɗaya ne mai suna biyu. Amurka tana cewa embargo, kalmar da ta aro daga Sifaniyancin kansa, wadda ke nufin ni dai na daina ciniki da kai. Kuba tana cewa bloqueo, ƴar'uwar blocus ta Faransanci, wato ƙawanya, an tare kowace hanya. Wanda ya zaɓi ɗaya ya riga ya faɗi ra'ayinsa kafin ya ƙarasa jimla. Hausa kuwa ta ɗauko takunkumi, abin da ake ɗaure wa dabba a baki don kada ta ci, kuma waɗanda suka ga rufe iyakokin Nijar daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Fabrairun 2024 ba sa bukatar a yi musu sharhin wannan zaɓi. Tsohuwar ba ta amfani da ko ɗaya. La cosa take cewa, abin nan, kamar yawancin tsofaffin Habana. Abin nan ba sauƙi.

Da mutane suka watse, aka kawo shinkafa da baƙin wake. Ta sa an wanke tukunyar sau biyu tun da safe. Yana ci ta tambaye shi ta ina jirgin ya biyo, ya faɗa mata.

"Ka ga ruwan?"

"Da dare muka ƙetare, Inna."

"Amma ka duba."

"Na duba."

Ta gyaɗa kai, ta ce ya ƙara wake.

Yana tsakiyar tashar a jirgin fito, kan hanyar komawa, aka buga igwar ƙarfe tara daga ganuwar La Cabaña, wadda a zamanin da take sanar da rufe ƙofofin birni. Ya yi mata alkawarin dawowa bayan salla, tunda hanya ta samu, kuma kwana huɗu kawai take ci. A ɗakinsa marar taga ya buɗe kaye ya fara rubuta bayanin da doka ta nema, sa'a bayan sa'a.

Ranar 4 ga Yunin 2019, yana dawowa daga masallacin idi, ya ji a rediyon mota cewa daga gobe babu jirgin shaƙatawar da zai sake zuwa Kuba daga Amurka. Gwamnati ta kira tafiye-tafiyen yawon buɗe ido da ya yi lulluɓi, kuma game da yawancin waɗanda ya gani a jirgin, ba ta yi ƙarya ba. Jiragen da ke kan ruwa suka juya zuwa wasu tsibirai, ƙungiyar kamfanonin ta ce tikiti kusan dubu 800 abin ya shafa. Ya ce zai bi ta sama da zarar takardunsa sun fito.

A ranar ganawar zama ɗan ƙasa, jami'in ya bi jerin tafiye-tafiyensa da biro har ya iso Kuba. Ya tambayi abin da ya kai shi. Ya ce ya je duba wata tsohuwa marar lafiya. Jami'in ya ce, mece ce ita a gare ka? Kalmar Turanci da ke fassara tía tana kan harshensa, kuma da ya faɗe ta, da ƙamus ya goyi bayansa, doka ta ƙaryata shi. Kalmar uwa kuwa tana shafi na gaba, da sunan wata matar a Tasawa. Ya ce, "Ita ta ciyar da ni shekara bakwai." Jami'in ya ɗan dakata, ya rubuta kalma ɗaya wadda ke nufin abokiya, ya juya shafi.

Takardun sun fito, sai annobar korona ta rufe filayen jiragen sama. Tsohuwar ta rasu kafin a buɗe. Wa'adin shekara biyar na ajiye bayanin ya cika a ƙarshen Afrilun 2024, babu wanda ya taɓa neman ganinsa. Kayen yana nan a cikin durowa tare da tsohon fasfonsa na Nijar. Shafin safe da Turanci ya rubuta shi, da lokaci da adireshi da kuɗin da ya kashe, yadda jami'i zai so. Daga azahar rubutun ya koma Sifaniyanci. Layin ƙarshe, na tsakanin ƙarfe biyar da shida, da Hausa yake: "Na yanke mata farce, ta yi barci."